Ɗan Akwatin Kwastan Ya Ƙi Buɗewa

A layin teloli babu mai kiranta da sunan da iyayenta suka raɗa mata. Kwastan ake ce mata, tana kuma amsawa ba tare da ta ɗago kai daga aiki ba. Sunan ya kama ta ne saboda idan an tashi takan tsaya a bakin ƙofa, ta leƙa jakar kowace ɗaliba kafin ta bar ta ta wuce. Almakashinta ɗaure yake da sarƙa a ƙafar tebur. Kowane dunƙulen zare a shagon akwai ɗigon jan farce a gindinsa. Idan ka kawo mata yadi, a gabanka za ta auna shi, ta sake aunawa, sannan ta kalle ka kamar kai ne ka sa ya gaza.

Sana'arta ɗinkin bajo ce: bajon makarantu, tambarin da ake sa wa hular masu sayar da mai, sunan kamfani a aljihun rigar masu gadi. Shagon siriri ne kamar lungu, tsakanin mai sayar da maɓallai da mai guga, kuma keken surfani ya cinye rabinsa. A gefen keken akwai tsohuwar kwamfuta baƙa mai ƙugi, wadda ke mayar da zane ya zama ɗinki.

Ba haka aka haife ta da zargi ba. Mahaifinsu tela ne mai ɗinka kayan makaranta, a wurinsa ta koyi taka keke tun ƙafarta ba ta gama isa ƙasa ba. Mahaifiyarsu ta rasu ta bar jaririya tana rarrafe, ita ce Auta, kuma a bayan Kwastan Auta ta yi yawancin barcinta na ƙuruciya, ƙarar keke tana mata waƙa. Kwastan ta yi aure, auren bai yi tsawon rai ba, ta dawo kan kekenta babu ɗa babu jika. Daga baya ta ɗauki wata yarinya ta koya mata aiki, ta ci da ita, ta sha da ita, har makullin shago ta ba ta. Yarinyar ta tashi wata rana ta kwashe zane-zanen bajon da Kwastan ta yi shekaru tana tarawa a takarda, ta buɗe nata shagon a ƙarshen layin, mai ƙofar gilashi. Tun daga nan aka fara leƙa jaka.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa tsayawa a layin ƙofa ba, ita ce Auta. Ita ce ma ta lallashi yayarta ta koma aikin kwamfuta, domin Auta tana da hannun zane. Ita ke zanawa, Kwastan ta ɗinka. Duk bajon da suka taɓa yi yana cikin wani abu baƙi kamar tafin hannu, wanda masu kwamfuta ke kira had-dis, Kwastan kuwa ɗan akwatina take ce masa. Ta ɗinka masa jaka mai zif, ta ɗaura jan zare a wuyan wayarsa da wani ƙulli irin na mahaifinsu, don ta gane idan an taɓa. Akwai kuma wata alama da ta ɓoye a cikin kowane zane: ɗan ɗinki mai kama da sawun tsuntsu, wanda ba ya fitowa sai a bayan bajo. Duk wanda ya ɗinka da zanenta, sawun zai biyo shi. Auta kaɗai ta san da wannan, kuma Auta kaɗai ke fita da akwatin daga shago.

To, a bana Auta ta yi nauyi, hawa da saukar bene ya fara gagarar ta. Da wata sabuwar makaranta ta kawo aiki, sai akwatin ya tafi gidanta don ta zuba sabon zanen a ciki. Ya kwana biyu a can fiye da yadda ya saba. Mijin Auta ne ya dawo da shi wata safiya. Mai zanen gidaje ne, Kwastan kuma har yanzu Ango take ce masa duk da auren ya yi shekaru. Bai shigo ba. Ta tagar mota ya miƙo jakar, ya ce ya makara, ya ja mota.

Da ta zuge zif, abin da ta fara gani shi ne babu jan zare.

Ta juya wayar, ta zazzage jakar, babu. Ta sa akwatin a baƙar kwamfutar, ya yi 'yar ƙararsa kamar kullum, amma maimakon jerin bajo sai wani ɗan saƙo ya fito a tsakiyar allo. Ta matso da tabarau ta karanta a hankali. Cewa yake wannan akwati ba a shirye yake ba, sai an yi masa fomatin, wato a share shi a shirya shi sabo. Eh ko a'a?

Ta zare, ta hura bakin wayar, ta mayar. Saƙon ya sake fitowa.

“Kwastan, lafiya na ji shiru?” in ji mai guga ta cikin katakon da ya raba su. “Yau kekenki bai gaishe mu ba.”

“Tambaya kwamfuta take yi mini.”

“Ke ma kin gamu da mai bincike! Danna mata eh kawai. Ni duk abin da wayata ta tambaye ni eh nake ce mata, ga ni nan da raina.”

“Shi ya sa kullum wayarka take wurin mai gyara.”

Ba ta danna ba. Mahaifinsu ya koya mata cewa idan zare ya cukurkuɗe a ƙarƙashin allura, ta ɗauke ƙafa, ta janye hannu, kada ta fizga, kada ta kai almakashi, sai ta juya ƙyallen ta ga abin da ke bayansa. Ta janye hannunta daga kwamfutar ta ɗora a cinya. Amma zuciyarta ba ta ɗauke ƙafa ba.

Ta tuna a makon jiya ta hangi motar Ango a ƙofar shagon gilashi. Ta tuna Auta da mai shagon gilashin tare suka taso, kuma har yau suna gaisawa a waya, Auta tana cewa gaisuwa ce kawai. Ta tuna yadda Ango ya ƙi haɗa ido da ita ɗazu. An yanke zare, an kwashe kaya, an dawo mata da fanko. Bajon ba shi ne ya fi damunta ba, don tana da idon da za ta sake zana da yawa daga cikinsu. Idan har Auta ce, to duk faɗin garin nan babu sauran mutumin da za ta miƙa wa wani abu ba tare da ta ƙulla masa zare ba.

Ta ɗauki wayarta za ta kira Auta, ta fasa. Mai laifi a waya ya fi samun sararin shirya magana. Ta rufe shago da rana tsaka, abin da layin bai taɓa gani ba, ta nufi ƙarshen titi.

Tsohuwar ɗalibar tana zaune a bayan kantar shagon gilashin, ta yi ƙiba, fanka tana kaɗa mata.

“Iye! Anti Kwastan da kanta? An zo bincike ne, ko hanya ce ta biyo da ke?”

“Bajo na zo gani.”

“Ga su nan, ba a biyan kuɗin kallo. In kin gama sai na leƙa jakarki, kin san ke kika koya mana.”

Kwastan ta matsa kusa. Ta ɗauki bajo daga tire, sababbi, zarensu ko laushi bai yi ba. Tana juya su ɗaya bayan ɗaya, tana shafa bayan da babban yatsa. Ɗinkin ya yi sako-sako, an bar jelar zare ba a datse ba, amma babu sawun tsuntsu ko a guda. Ta ajiye. Wannan bai wanke kowa ba, in ji zuciyarta, wataƙila ba a fara ɗinkawa da su ba tukuna.

“Me mijin ƙanwata ya zo yi a nan?”

Matar ta kwashe da dariya har da riƙe ciki. “Wando ya kawo a rage masa tsawo.”

“Shagona yana kan hanyarsa.”

“Haka na ce masa. Ya ce in ya kai miki sai kin tambaye shi inda ya sayo wandon, da wanda ya raka shi, da dalilin da ya sa ƙafarsa ta gajarce.”

Kwastan ta fita ba ta yi sallama ba. Amsar ta yi santsi da yawa, kamar wadda aka ajiye ana jiranta.

Mai gyaran kwamfuta yana ƙarƙashin benen da ke kallon tashar mota, cikin tarin wayoyi da ƙaurin dalma. Ya miƙo hannu zai karɓi akwatin, ta ƙi saki. Haka ya sa shi a kwamfutarsa hannunta yana kai, kamar mai riƙe da yaro a wurin allura. Saƙon nan dai ya fito.

“Kin danna eh?”

“Ban danna ba.”

“To ki gode wa Allah. Da kin danna, da yanzu gaisuwar ta'aziyya muke yi. A wace kwamfuta aka sa shi na ƙarshe?”

“Abin da nake so in sani ke nan. An kwashe kayan, ko?”

“Ban ce ba. Anti, ke yaya kike jera zarenki a kanta?”

“Launi launi.”

“To wani da lamba yake jera nasa. Ki ce an kawo mutumin da lamba kaɗai ya sani, aka tsayar da shi gaban kantarki. Zare na nan fal, amma shi bai ga komai ba, sai ya ce a kwashe a sake jerawa. Kwamfutoci iri iri ne, kowace da tsarin jerinta. Ina jin an sa akwatin nan a wata iri, ta jera shi da nata tsarin. Taki da tawa ba su iya karantawa.”

“Kana jin, ko ka tabbata?”

“Ki mayar da shi inda ya fito, can za a tabbata.”

Ta kalle shi ta saman tabarau. “Kai ma ka san Ango ne?”

“Wane Ango kuma? Anti, sakar mini waya, kina karya mini soket.”

Gidan Auta a hawa na uku yake. Kwastan ta hau tana haki, ta tarar da ƙofa a buɗe, kayan jarirai a shanye a baranda, wasu a tare a kan kujera ba a ninke ba. Auta tana kwance a doguwar kujera, ƙafafunta a kumbure a kan matashi. Ango ya dawo cin abincin rana, yana tebur gaban wata kwamfuta fara, siririya kamar faranti, wadda Kwastan ba ta taɓa gani ba.

“Yaya! Ke ce da rana haka? Wa kika bar wa shago?”

“Kwaɗo.” Ta ajiye akwatin a kan tebur. “Ya ƙi buɗewa. Kuma an cire mini zare.”

“Yaya Babba, ni na yanke zaren,” in ji Ango yana sosa ƙeya. “Wannan sabuwar ƙaramin baki gare ta, sai an sa ɗan mahaɗi, ƙullin kuma ya hana shi zama. Na ce zan faɗa miki, na ga fuskarki da safe, na fasa.”

“Sa shi in gani.”

Ya sa. Nan take jerin ya zubo a allo: bajon makarantar da ke bayan asibiti, tambarin masu gadi, hular gidan mai, har da sabon zanen da Auta ta yi. Kwastan ta sa aka buɗe mata su, tana dubawa, numfashinta yana sauka a hankali. Har ta kusa zama, sai idonta ya kai kusurwar allon. Akwai wani ɗan gidan ajiya a can, an rubuta masa “Bajon Yaya”.

“Wancan fa?”

Ango ya leƙa kusurwar. “Kwafi ne.”

“Kwafin me?”

“Na komai. Tsaya ki ji, don Allah. Tsohuwar kwamfutar Auta ta mutu, sai ta yi zanen a tawa. Tawa tana iya ganin abin da ke cikin akwatinki, amma ba ta iya zuba sabo a ciki. Sai na kwashe komai na ajiye a nan, na share akwatin na sa masa tsarin tawa, na mayar da kayan. Ban yi tunanin ta shagonki ba za ta gane shi ba.”

“Ka share mini akwati.”

“Na ɗan lokaci ne kawai.”

“Ba ka tambaye ni ba, ka share, ka kwafa, ka ajiye a abin da kake yawo da shi gari gari. Har ƙofar shagon gilashi.” Ta juya ga Auta. “Ke kuma kina kallo. Ke da kika san sawun tsuntsu. Kin faɗa wa mai shagon yadda ake cire shi?”

Auta ta sauke ƙafafunta da ƙyar, ta dafa kujera ta miƙe. Ta shiga ɗaki, ta fito da jakarta ta hannu, ta zuge ta, ta kife a kan tebur. Makullai, maganin ƙarin jini, katin asibiti, ɗan madubi, duk suka watse kusa da akwatin.

“Fara da wannan, Yaya.”

“Ban ce ki...”

“Na daɗe ina wa mutane fahariya cewa ni kaɗai ce ban taɓa tsayawa a layin ƙofarki ba. Ashe layina ne bai zo ba.” Muryarta ba ta tashi ba, kuma wannan ne ya fi tsorata Kwastan, don Auta mai faɗa da ƙarfi ce idan abu bai kai mata zuci ba. “Ga yadda za a yi. Ya goge kwafin yanzu a gabanki. Ki ɗauki akwatinki yadda yake, ki kai wa wanda kika yarda da shi ya gyara miki. Zane kuma ki nemi wani.”

“Akwai hanya mai sauƙi,” in ji Ango a hankali, yana kallon su biyun. “Akwai tsari na uku da tawa da ta shago duka suke ganewa. Shi ya kamata in sa tun farko. Sai dai dole a sake share akwatin tas, sannan a zuba kayan daga kwafin nan.”

“Wato kafin a gama, duk abin da na ɗinka a rayuwata babu shi a ko'ina sai a hannunku.”

“Haka ne.”

Kwastan ta tsaya tana kallon akwatin. Wanda kika yarda da shi, in ji Auta. Ta bi layin teloli a zuciyarta shago shago, ta bi mai guga, mai maɓallai, mai gyara, ɗalibanta, ta zo ƙarshen titi ba ta tsaya a ƙofar kowa ba. Ta dubi ƙafafun Auta, waɗanda ta taɓa riƙewa duka biyu a tafin hannu ɗaya, yanzu sun kumbura har silifa ba ya shiga.

Ta ja jakar Auta, ta share kayan da ke kan tebur da gefen hannu suka koma ciki, fuskarta tana kallon bango. Ta zuge zif.

“Zauna, kada ki haife mana a tsaye. Kai kuma Ango, ina wurin dannawar?”

Ya shirya, tambayar ta fito, irin wadda ta ƙi amsawa da safe. Ya kai hannu, ta buge shi.

“Akwatina ne.”

Da yatsanta ta danna eh. Jerin ya ɓace, akwatin ya zama fanko. Wani siririn layi ya fara tafiya a allon kamar tururuwa. Da farko ta tsura masa ido, hannuwanta a kan gwiwa. Da ta ga kallon ba ya ƙara masa sauri, sai ta koma kujera ta jawo kayan jariran tana ninkewa, tana juya kowace riga tana duba bayanta.

“Wa ya ɗinka wannan? Ko kare ba zai sa ba.”

“A kanti muka saya,” in ji Auta, ba ta kalle ta ba.

“Ki ba ni su in sake bi. Wuyan nan zai ci wa yaro fata.”

Auta ta turo sauran tarin da ƙafa zuwa wajen yayarta. “Har da waɗannan. Kuma kada ki sa musu sawun tsuntsu.”

“Zan sa. Yara suna musanyuwa a asibiti.”

Da layin ya kai ƙarshe, Ango ya nuna mata komai ya koma. Sannan ya kama ɗan gidan da ke kusurwa zai ja shi zuwa kwandon shara.

“Me kake yi?”

“Gogewa, Yaya Babba. A gabanki.”

“Bar shi.” Ta miƙe tana sa akwatin a jakarsa. “In nawa ya faɗi a ruwa fa? A bar shi a wurin Auta. A wurin Auta na ce, ba a motarka ba. Wandonka kuma, in ya sake yin tsawo, ka san hanyar shagona.”

“Da tambayoyin?”

“Da tambayoyin.”

Washegari baƙar kwamfutar ta yi ƙuginta, ta karɓi akwatin ba ta tambayi komai ba. Keken ya tashi, allurai suka fara sauka a kan bajon sabuwar makaranta.

“Madalla, an dawo!” in ji mai guga ta cikin katako. “Kin danna eh ɗin da na ce?”

“Na danna, amma ba a inda ka ce ba.”

Da aka tashi ta tsaya a bakin ƙofa kamar kullum, ta leƙa jakar kowace ɗaliba. Bayan sun watse ta yanko jan zare ta sake yi wa wayar akwatin ƙullin mahaifinsu. Sai dai wannan karon ba a wuya ta ɗaura ba. Ta ja shi baya zuwa tsakiyar wayar, inda ba zai hana mahaɗin Ango zama ba.